Garkuwar Gidan Walker

A shekara talatin da ɗaya da na yi a ƙauyen Thornsike na Yorkshire, ban ga mutum mai daraja kamar Mista Cuthbert Walker ba. Shi ma bai gani ba. Zare da maɓallai yake sayarwa, amma in ya ɗaga hula ya gaishe ka, sai ka ji kamar gona ya ba ka kyauta. Mu mawaƙan coci Jikan Barade muke kiransa.

"Mu Walker ba mu da yawa," in ji shi. "Kakanmu da takobi ya ƙetaro teku, yana dama da sarki. Irin jininmu ba a samunsa a kowane lungu."

A bazarar 1974 ya sa aka zana masa garkuwar gida, wato tambarin dangi, mai zaki biyu da takobi, ya nemi a rataye ta a coci, daidai saman bencinsa. Rabaran ya ce to, amma alamar dangi sai dangi sun yarda. Cuthbert ya buga sanarwa a jarida: duk mai suna Walker ya zo coci shan shayi ran Asabar, ƙarfe uku. Ya jera kofi goma sha biyu, yana fargabar ko ya yi ɓarna.

Ni aka ba tsaron ƙofa, kuma na ƙirga: mutum ɗari uku da arba'in da shida. Mahaƙan kwal, direbobin bas, ungozoma biyu, da wani mai sharar bututun hayaƙi da ya rungume shi yana cewa, "Ashe kai ne babban yayan namu!"

Cuthbert ya karkaɗe kwat, ya hau mumbari. Jawabinsa ya kai kan takobi ke nan, sai Goggo Mabel, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, ta buga sanda a ƙasa, ta kira shi da sunansa na yarinta.

"Kai Bertie, sauko haka nan! Wane takobi? Kakanninmu ulu suke tattakawa. A sa sabuwar saƙa a baho, a kwara mata tsohon fitsari, su shiga da ƙafa su yi ta kirɓa har ta yi kauri. Walker sunan mai wannan aiki ke nan, wato mai tattakawa. Duk garin da ake saƙa yana da nasa, shi ya sa muka kusa fin tumaki yawa. Kakata ma da bokiti take bi gida gida tana karɓowa."

Aka yi tafi kamar rufi zai faɗo. Aka ɗaga hannu, zakuna suka sami ƙuri'a ɗaya. Dangi suka zaɓi tasu alamar: baho, da ƙafafu biyu ba takalmi. Rabaran mutum ne mai cika alkawari, ya rataye ta daidai inda aka nema.

Shekara goma sha tara Cuthbert ya yi yana zama a ƙarƙashinta. In baƙo ya tambaya, sai ya gyara wuyan riga ya ce ƙafafun kakansa ne, ranar da ya ƙetaro teku.

Bahon kuwa, wai jirgin ne.