Ranar Da Na Goya Kakar Amarya Zuwa Coci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen ƙanena Sanusi ba, ko na so in manta ma 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Sanusi malamin makaranta ne a Faskari. Ya je bautar ƙasa wani ɗan ƙaramin birni can kudu da mu (ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu gane fuskata a can), ya dawo da takardar shaida da kuma son wata yarinya mai suna Rukayya. Iyayenta maza sun amince. Mahaifiyarta, Hajiya Bilki, ita ce ta kafe. Tana jin labarin 'yan bindigar daji a yankinmu, ta ce ba za ta kai 'yarta inda ake barci da ido ɗaya ba. A ƙarshe aka ce a kawo lefe, in ta ga dangin miji za ta yanke shawara. Wato ko a karɓi akwatunan, ko mu juyo da su a motar da ta kai mu.

Da yake ni ce babbar yaya, kuma kowa ya san bakina ba ya mutuwa, ni aka sa a gaba, aka haɗa ni da Goggo Lami, ƙanwar babanmu. Sanusi ya raka mu tasha duk ya rame. "Yaya, don Allah ki kwantar masu da hankali," in ji shi. Na ce ya sa ransa a inuwa.

Aka karɓe mu hannu bibbiyu. Bayan an buɗe akwatuna an sa albarka, sai Hajiya Bilki ta dube ni ta ce, "To, yaya garin naku?" Nan fa na gyara zama. Na ce ai lafiya lau muke, yawancin abin da ake faɗa ƙarin gishiri ne na 'yan waya. Na ce ni nan da take gani, ko bindiga ta tashi a bayan katanga ba na fasa tuƙin tuwo. Goggo Lami tana ta zungurina da gwiwar hannu, ni kuwa na riga na hau dokin zance. Hajiya dai ta ce, "Allah Ya ƙara tsarewa."

Bayan la'asar, kakar amarya, wata 'yar tsohuwa siririya da kowa ke kira Iya, ta ce ba za mu zo garinsu mu koma ba mu ga gari ba. Ta ɗauki sandarta, muka fita mu huɗu da Hajiya Bilki.

Gaskiya garin ya burge ni. Gidajen dutse ne masu baranda, ƙofofinsu na katako an sassaƙa masu furanni, tagogi da gilasai masu launi. Ga tsohon gidan waya da agogo a goshinsa, kuma agogon yana aiki. Masallaci mai koren hasumiya yana fuskantar coci, bishiyar mangwaro guda ce ke yi masu inuwa. Iya tana tafe tana gaisawa, wannan da Yarbanci, wancan da Nufanci, mai shagon magani kuma Inyamuri ne amma Hausarsa ta fi ta wasunmu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne katangunsu. Iyakarsu ƙugu, ba waya mai ƙaya, ba fasassun kwalabe. Na ji wani kishi ya kama ni, ban dai nuna ba.

Muna tsaye Iya tana ba mu labarin maginin da ya ɗora hasumiyar, sai na ji rugugi daga ƙasan titi. Na waiga. Babura ne, sun fi ashirin, kowanne da goyon mutum biyu, sun cika hanya suna tahowa a guje.

Duk wanda ya fito daga Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ya san abin da wannan ke nufi, ba sai an yi masa fassara ba. Ban yi shawara da kaina ba. Na yar da jaka, na fice daga takalma, na sunkuya na suri Iya na saɓa a baya, na ɗaure ta da mayafina tamau kamar jaririya. Idona ya nemi ƙofar da ta fi kauri, na nufe ta da gudun da ban san ina da shi ba (ni da ke cewa gwiwa ta hana ni zuwa kasuwa). Na banka ciki, na maida ƙofa, na danna sakata, na kwarma ihu: "Ku kwanta! Ku kwanta ƙasa, sun shigo!"

Sai da na juyo na ga inda nake. Cikin cocin ne. Mata kusan talatin sanye da zane iri ɗaya suna koyon waƙa, sun tsaya baki buɗe, mai kaɗa tulu hannunta a sama. Biyu daga cikinsu, Allah Ya saka masu, har sun kwanta.

Iya kuwa tana ta dukan kafaɗata. "Ke 'yar nan, sauke ni! Ɗan acaɓa ne ya yi aure, abokansa ke rakiyar ango!"

Daga waje na ji hon da guɗa da tafi suna wucewa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shugabar matan, wata dattijuwa da Iya ta kira Mama Saratu, ta zo ta taya ni kwance mayafin. Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni a benci, ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce, "Daga ina baƙuwarmu?" Da na ce Faskari, sai ta dafa kaina ta ce, "Sannu. Allah Ya kawo maku sauƙi." Wallahi da ta yi dariya da ya fi mini sauƙi, don nan take hawaye suka zubo mini.

Da muka fito, Hajiya Bilki na tsaye riƙe da jakata da takalmana. Goggo Lami kuma ana zaro ta daga cikin shukar furannin gidan waya, tana cewa, "Mi ya hwaru? Sun tahi?"

Muka kama hanyar gida. Ni dai na gama sallamawa, ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa Sanusi cewa ƙafafuna sun kashe masa aure. Muna zama Hajiya ta ce, "Ke ce ba kya fasa tuƙin tuwo?"

Na ce, "Hajiya, ƙarya na yi maki. Tsoro muke ji, kullum. Na ɓoye ne don kar ki hana mu ɗiyarki." Na faɗa mata yadda muke zaune, ban rage komai ba.

Iya ce ta buga sandarta a ƙasa. "Bilki, rabon da a goya ni tun ina 'yar shekara uku. Yarinyar nan ta yar da jakarta ta ɗauki tsohuwar da yau ta fara gani. Ke da na haifa, ina kallonki, gefe kika matsa. In tashin hankali ya zo, waɗannan ba za su gudu su bar jikata ba. A shigar da akwatunan ciki."

Aka shigar. Hajiya ta gindaya sharaɗin su fara zama a Funtuwa, muka ce mun ji mun gani. Ban san lokacin da na saki ajiyar zuciyar da har Goggo Lami ta firgita ba.

Yanzu 'ya'yansu biyu, kuma duk gidan Rukayya ba mai kirana da sunana, sai Motar Iya. Tun daga ranar nake faɗin gaskiya tun da wuri, don na gane in bakina ya yi ƙarya, ƙafafuna za su tona ni kafin magariba.