Mai Gyaran Famfo da Yoyon Gidansa

"Lafiya ƙalau, 'yar nan, gajiya ta bi lafiya. Ina ragon mijin nawa? Ko ya ji sallamata ya shige ƙarƙashin gado?"

Kakar mijina ke nan, tun daga bakin ƙofa, tana jan wata jaka da ta kumbura fiye da yadda ta saba. Na karɓa na shigar da ita falo, inda jikan nata ya mayar mini da teburin cin abinci ɗakin gwaji: kofin awo, tire, da ƙyallaye kala uku a jere. Mai gyaran famfo ne, kuma tun safe ya rantse ba zai ci abinci ba sai ya ga bayan yoyon da ke gidansa.

Yoyon kuwa na 'yarmu ne, Walƙiya, mai wata biyar. Ƙunzugun kanti da ake yarwa ya saɓule mata fata har ba ta barin a taɓa ta, sai muka koma na wankewa, mai aljihu da ake cusa ƙyallen tsotse fitsari a ciki. Fata ta warke, amma kwana uku a jere tana jiƙa wa mai renon da muka fara kai ta wurinta katifa. Matar ta ce in aka ƙara, ko mu koma na yarwa ko mu riƙe abarmu. Ni kuma washegari zan koma aiki a kantin magani. Ba na ɓoyewa, hankalina a tashe yake.

"A'a, Tsohuwa, har yanzu kina nan?" in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Na ɗauka an daɗe da raba gadon sandarki."

"Ina nan sai na ga furfurarka, in yi maka dariya da haƙorina ɗaya. Me kake dafawa a tire?"

"Ilimi. Ki zauna nesa kada ya fallatsar miki."

"Oho. Gari duk an san ka da toshe bututu, ga gidanka yana ambaliya. A mayar wa mutane kayan aikinsu mana."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yau zan toshe shi, ko ni ko shi."

Ya ɗaga ƙyalle na farko, fari tas, sabo dal.

"Wannan na auduga ne, irin na zamaninku. Kalli abin kunya."

Ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya taru a kai ƙwaya-ƙwaya, ya gangare cikin tire.

"Kin gani? Kamar ke, ba ya karɓar komai sabo."

"Ka wanke shi?"

"Sabo ne, me za a wanke?"

"Allah ya ji ƙan hankali. Ci gaba."

Na biyu na zaren gora ne. Ya sha ruwan, amma a hankali, yana yanga, har rabi ya tsere ta gefe.

"Wannan kuma tafiyarki gare shi. Kafin ya iso an tashi daga kasuwa." Sai ya ɗauko na uku, mai laushi kamar soso, ya sumbace shi. "Ga angon. Buɗe idon da ya rage miki."

Ya juye kofi guda. Kafin ƙiftawa babu ɗigo. Ya ƙara rabi, shi ma ya shanye. Ni kaina sai da na tafa, don na ɗauka ƙara yawansa ne mafita.

"Gani ya kori ji!" Ya buga ƙirji. "Gobe mai reno za ta nemi gafarata."

Kaka ta kalle shi, ta kalli ƙyallen, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Maigida, in tambaye ka. 'Yar taka a kan tire take wuni?"

"Ban gane ba."

"Ba za ka gane ba, kan naka bututu ne, abin da ya shiga nan ta can yake fita. Yarinya kwanciya take yi a kansa, a goya ta a kansa, a zaunar da ita a kansa. Ɗora shi a kujerar robar nan."

"Ki yi me?"

"Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ɗora!"

Ya ɗora. Tsohuwa ta dafa sanda, ta juya, ta zauna daram a kan angon. Muka ji tsuu! Ruwa ya bi ƙafafun kujera ya malale a ƙasa. Ta miƙe, bayan zaninta sharkaf.

"Innalillahi!" Ya riƙe ciki yana dariya. "Jama'a ku zo, Tsohuwa ta yi abin kunya a gidan miji! Ita ma a auna mata ƙunzugu!"

"Yi dariya, mara ta ido. Fitsarin angonka ne. Mai saurin karɓa, mai saurin mayarwa, halinku ɗaya."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya tsaya yana kallon ruwan da ke ƙasa, na ga fuskarsa ta sauya. Irin wannan ƙyallen muke cusa wa Walƙiya duk kwanakin nan, kuma da ya ga yana zuba, wasu irinsa ya ƙaro.

"To wanne ke nan?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Auduga ba ta sha, gora nawa gare ta, wannan kuma amai yake yi."

"Wa ya ce maka auduga ba ta sha? Shekara talatin ina kan keken ɗinki kafin ka san hanyar bakinka. Sabuwar auduga da maiƙonta take zuwa. Sai ta sha wanki ta bushe, ta sake sha ta bushe, sau biyar, sau shida, sannan take buɗe baki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

"Sau shida? Kaka, gobe ne fa. Dubi hadarin can, ko wanki ɗaya ba zai bushe ba."

Ran da ya kira ta Kaka, ba Tsohuwa ba, to magana ta kai inda ta kai. Ni dai na koma gefe na zauna, ina tunanin yadda zan kalli mai kantinmu in ce a ƙara mini hutu, ko yadda zan mayar wa yarinya abin da ya sa ta wuni tana tsala ihu.

"'Yar nan, miƙo mini jakata. Da almakashi."

Ta zuge jakar ta zaro wani mayafin auduga mai kauri, ruwan toka, wanda wanki ya cinye wa launi har ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ashe tun da na yi mata ƙorafi a waya ta shirya.

Mijina ya riƙe mata hannu.

"Wannan ai na marigayi ne. Ko taɓawa ba kya bari a yi."

"Na sani, ba kai za ka gaya mini mayafin mijina na gaskiya ba."

"Ki bar shi. Zan zaga gari in samo wani abu."

"Ka samo wani angon? Shekara takwas yana cikin akwati bai ɗumama kowa ba. Mai shi da yana nan, da kansa zai yaga wa jinjirar nan. Sakar mini hannu, da tsohuwar zuma ake magani."

Ya saki. Na ji ƙarar almakashi har cikin ƙirjina. Ta yanka, ta ninka uku, ta bi gefen da allura, tana yi tana zaginsa a kan zaren da ya kasa zura mata. Da ta gama guda, ta ɗauki wani sabon soson nasa ta ɗora a sama.

"Naka a sama, tunda shi ne mai haɗama, ya cafke da sauri. Nawa a ƙasa, ya riƙe abin da naka ya zubar. Haka muke da kai tun kana tsumma. Kuma duka a cikin aljihu, kada soson nan ya taɓa mata fata. Zuba ruwanka."

Ya zuba kofi guda, ya cusa su cikin aljihun ƙunzugu, ya ɗora a kujera.

"Bismillah, Tsohuwa."

"Wa? Ni na yi nawa. Zauna."

"Da wandon fitata?"

"Da shi. In ya jiƙe ka ce gado ne."

Ƙato ya zauna a kan ƙunzugun 'yarsa. Ta ce ya murza, ya murza. Ta ce ya yi tsalle a zaune kamar mai koyon rarrafe, ya yi. Ta dafa kafaɗarsa ta ƙara masa nauyinta. Ni ina durƙushe ina leƙen ƙasan kujera. Babu ɗigo ko ɗaya.

Ya miƙe ya shafa bayansa, ya sake shafawa, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama. Na bi, Allah ya bar mana ke."

Kaka ta juya shi ta duba wandon da kyau. Ta share ido da gefen abin da ya rage na mayafin, ta tura masa sauran a ƙirji.

"Riƙe mini nan in yanka na gobe. Kai, Alhamdulillahi, na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Shekara talatin da biyu, sai yau ka tashi daga kan shimfiɗata wandonka a bushe."