Ranar da Malam Ya Ƙifta Mini Ido Daga Bango

Ya ƙifta ido. Wallahi tallahi ya ƙifta. Ina tsaye a tsakar ɗakina, ƙullin kayana na bisa kai ban ma sauke ba, mijina da aka binne tun jikokina suna goye ya ƙifta mini ido daga jikin bango. Komai zan manta a duniyar nan, ban da wannan hantsi.

Bari in koma baya kaɗan, kar ku ce tsohuwa ta zautu.

Hoton Malam guda ne tak a duniya. Ya ɗauke shi yana saurayi, wajen wani mai hoto a bakin kasuwa, irin wanda ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Yana tsaye ƙerere, hannu bisa keke, rediyo rataye a kafaɗa. Keken ba nasa ba ne, rediyon ma na mai hoton ne (baduku ne Malam, abin da ya mallaka lokacin bai wuce basilla da wuƙar yankan fata ba). Da wannan hoto aka rufe wa iyayena ido. To 'yata ta fari da ke aure a Yamai (ba zan faɗi sunanta ba ko da a rubuce ne, ni ba 'yar zamani ba ce) ta zo ganin gida, ta ce in ba ta shi a ƙara masa girma a sa a gilashi. Na ba ta, har na manta.

Sai na tafi Tirmini suna, na yi 'yan kwanaki. Ranar da na dawo gida ba kowa. Ɗana Sani yana kasuwa, matarsa Rabi tana lakwal inda take koyarwa. Ina ɗaga labule sai ga Malam a bango, bisa jeren kwanonina, fes da shi, har wani haske yake yi. Daɗi ya kama ni. Ni dama mai son kallon hotuna ce. Can ajinmu na manya, inda na koyi karatun nan da tsufana, malama ta taɓa kawo mana wani zane, in ka duba ta nan agwagwa, in ka duba ta can zomo. Mata suna ta a'uziyya wai sihiri ne, ni kuwa na yi musu dariya har da hawaye, na ce musu 'yan ƙauye. Ku riƙe wannan.

To bakin nan nawa da ba ya zama wuri ɗaya, sai na ce, "A'a, Malam! Kai ne a ɗakina da hantsin nan? Sannu da zuwa. Har yau ba ka mayar wa mutane kekensu ba?"

Ban rufe baki ba ya ƙifta. Ya juyo da fuskarsa a hankali har idonsa ya shiga nawa. Ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. Sannan ya karkata kai wajen ƙofa, yadda yake yi da in yana so in biyo shi waje mu yi magana ba gaban yara ba.

Ku san wace ce ni tukuna. Duk macen da ta rasu a unguwarmu cikin Birni, ni ake kira in wanke ta. Na wanke tsofaffi, na wanke masu jego, na wanke wadda ta kwana biyu a ɗaki ba a sani ba. Gawa ba ta taɓa ba ni tsoro ba, ni ce ma ke tsawata wa masu rawar jiki. Amma akwai abin da muka tashi da shi tun a ɗakin kakanni: in mamaci ya zo maka a mafarki, ba ka yi masa magana, ba ka karɓar abin hannunsa, in ya kira ka ba ka bi. Wanda ya amsa, kwanansa ya ƙare. Ni kuwa ba mafarki ba, idona biyu, kuma ni na fara gaishe shi, har da tsokana.

Ban san yadda na kai gidan Ta Guna ba. Taubashiyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, ta yi aure a Guna har mijin ya rasu ta dawo, shi ya sa sunan ya bi ta. Tun muna 'yan mata ba ta da aiki sai ja na da faɗa. Na iske ta tana tsince gujiya.

Na ce, "Tashi. Malam ya zo."

Ta ce, "Wane Malam? Ko kin yi sabon miji a Tirmini ba labari?"

"Ki bar wasa. Uban Sani. Yana bangona, ya kira ni."

"Ke dai faɗi gaskiya, furar Tirmini ta kwana ta yi tsami kika sha."

Ta taso tana dariya, ina biye da ita ina riƙe da bakin zanenta kamar yarinya. Ta ɗaga labule. Babu Malam. Babu keke, babu rediyo. Gilashin ya koma baƙi ƙirin, sai fuskokinmu biyu a ciki kamar waɗanda suka leƙa rijiya.

Nan dariyar Ta Guna ta tsaya. Da a ce ta ci gaba da dariya, da wataƙila na samu sauƙi. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kin tabbata yana ciki ɗazu?"

"Da idona. Har na gaishe shi."

"Kin gaishe shi? Ke da kanki? Ya amsa?"

"Ya yi mini haka da kai."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Ya isar da saƙo ya koma ke nan."

Jama'a, na ji sanyi ya taso mini tun daga yatsun ƙafa. Na sha taɓa ƙafar masu tafiya, na san daga nan yake farawa. Ɗakin ya yi tsit, ko panka ba ta motsi (panka fa, ku lura, amma ni a lokacin ina na ga ta lura). Abin da ya fi ci mini rai, na san duk abin da za a yi mini ɗaya bayan ɗaya. Na san inda za a shimfiɗa ni, na san yadda za a ɗaure mini haɓa, na san wadda za ta juya ni ta dama da wadda za ta zuba ruwa. Sauran mutane tsoron abin da ba su sani ba suke yi. Ni nawa na san shi ciki da waje, kuma bai rage komai ba.

Na ce to, tunda abin ya zo, kar ya same ni a hargitse. Na buɗe akwati na ciro likkafanina da na sayo a Makka aka jiƙa mini shi da zamzam. Na ce, "Ta Guna, ke za ki wanke ni. Ruwan kar ya yi zafi, kar ya yi sanyi. Kuma kar ki bari masu surutu su shigo, ban son a fita da labarin jikina."

Tana kuka ta ce, "Ban iya ba, ke ce gwanar."

"To ni zan tashi in wanke kaina? Ki iya."

Sai na tuna da jar akuyata mai ciki, wadda nake ji da ita kamar 'ya. Na ce, "Ki kwance akuyar nan ki kai gidanki. Na ba ki halak malak, duniya da lahira." Kuka take, amma wallahi ba ta ce a'a ba. Ta je ta kai ta, ta dawo da rabin matan unguwa.

Kafin azahar ɗakina ya cika. Na kwanta ta hannun dama na fuskanci gabas, likkafani a rungume a ƙirji. Wannan ta yafe mini, waccan ta ce in yafe mata, wata ta ɗura mini rubutu, wata tana karatu a bakin gado, an aika kasuwa a kira Sani. Kowa ya juya wa baƙin gilashin nan baya, ba mai son haɗa ido da shi. Ina jin ana raɗa, "Allah sarki, har hancinta ya fara tsini." Na shafa, na ji kamar ya yi. Na lumshe ido ina kalmar shahada, ina sauraron ta inda za a fara zare ran.

Sai na ji ƙiiii a sama. Panka ta fara juyawa. Haske ya faɗo a bango. Wata ta waiga ta ƙwala ihu, "Ga shi nan! Ya dawo!"

Na buɗe ido. Malam ne da kekensa. Ya ƙifta, ya juyo, ya yi murmushi, ya karkata kai wajen ƙofa.

To nan ne wurin da nake so ƙasa ta tsage in shige in na tuna. Ni da ke kwance ina jiran mutuwa cikin natsuwa, ni mai wankan gawar unguwa, ni mai ciwon gwiwar da sai a zaune nake salla, ni na riga kowa fita. Na tsallake mai karatu, na taka Ta Guna a cinya, na bangaje wata mai goyo. Ba takalmi, ba mayafi. Da na kai zaure na tuna kaina a buɗe yake, sai na warware abin da ke hannuna na yafa. Likkafanin ke nan. Haka na faɗa titi da rana tsaka, fari fat tun daga kai har ƙasa, ina gudu ina salati, mata na biye suna kururuwa. Mazan da ke zaune wajen mai shayi, da ma sun ji labarin ina gargara, suna hango ni suka watse. Wani dattijo har da haye katanga.

A bakin lungu na yi karo da Rabi tana sauka daga kabu-kabu. Ta riƙe ni ta ce, "Inna! Lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ni ce. Baban mijinki ya zo tafiya da ni, yana bango."

Na ga dariya na neman ƙwace mata, ta cije leɓe (yarinyar tana da tarbiyya, wannan kam na shaida). Ta ce, "Inna, zo mu je. Riƙe hannuna."

Da ƙyar ta ja ni, mata na bin mu nesa-nesa. Muka leƙa. Babu Malam. Jikata ce ta Yamai a ciki, ta cika baki da biskit. Jim kaɗan ta ɓace, sai ga wata tsohuwa riƙe da takardar gama ajin manya, baki buɗe, ɗankwali a karkace. Ni ce. Na ƙifta wa kaina ido, na juyo, na yi murmushi.

Ta Guna daga bayana ta ce, "A'a, ashe har kin isa. Ya hanya? Ya mutanen can?"

Rabi ta ɗaga kwano ɗaya daga jerena, sai ga waya daga bayan hoton ta bi bango ta shige wajen kuran, wato wutar lantarki. Ta zare, gilashi ya yi baƙi. Ta mayar, Malam ya dawo. Ta ce, "Inna, kamar tele ne, talabijin. Yaya ce ta aiko daga Yamai, a salula ake sa tsofaffin hotuna su yi motsi. Na ɓoye wayar ne don ki ga ya yi kyau. Ɗazu kuran aka ɗauke."

Wata daga cikin 'yan ajinmu, cikin waɗanda na ce wa 'yan ƙauye, ta leƙo ta ce, "Inna, wannan agwagwa ne ko zomo?"

Na naɗe likkafanina da ya sha ƙasar titi. Abin da na koya dai, in abu ya ba ka tsoro a bango, leƙa bayansa ka ga ko da waya kafin ka fara rabon dukiya. Kuma duk mai ce muku ya shirya wa mutuwa, ku bari panka ta juya tukuna.

Da la'asar na saci jiki na je gidan Ta Guna. Akuyata na ɗaure a turkenta tana cin harawa. Na ce, "To, na zo in kwance abata."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wadda ta ba ni akuyar nan ta rasu ɗazu da azahar, Allah ya jiƙanta. Ke wace ce?"

Ta ja ƙyaurenta ta rufe.