Yadda Za Ka Share Gida Mai Hawa Uku Kana Kwance

Ɗan'uwa, in kana da gidan bene, likita ya hana matarka sunkuyawa saboda ciwon baya, kai kuma bakinka ya suɓuce ka ce "bar mini sharar" a gaban danginta, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin gida zai yi tas, ka kuma ci sunan miji nagari ba ka yi gumi ba. Maƙwabcina ne ya fara gwada su. Injiniya ake ce masa, tun ranar da ya gyara fanka ta daina juyawa har abada.

1. Saya, kada ka yi tambaya

Je shago ka ɗauko na'urar sharar nan mai kama da murfin tukunya, wadda ke yawo da kanta. Kada ka tambaya ko tana hawa matakala. Tambaya ta ƙananan mutane ce. Injiniya ya kawo tasa, ya ajiye a gindin matakala, ya nuna mata sama. Ta dunguri matakin farko, ta juya abinta. Matarsa na kwance a doguwar kujera da matashi a ƙugu, ta ce, "Maigida, ko ita ma bayan ne?"

2. Zama abin hawanta

Rungume ta kamar jaririya ka kai ta hawa na biyu. Jira. Kai ta na uku. A can cajinta zai ƙare, wurin cajin kuwa yana ƙasa. Wannan ba wahala ba ce, motsa jiki ne.

3. Gyara mata ɗaki kafin ta shiga

Na'ura mai daraja ba ta shiga ɗaki a hargitse. Kwashe takalma, safa, wayar caja, igiyar labule, ka ɗora kujeru kan tebur. In ka gama za ka ga 'yar ƙura ta rage. Kada ka taɓa, rabonta ne.

4. Ga alheri, kada ka bincika

Kullum Injiniya ya dawo daga aiki sai ya tarar da matakala fes, alhali na'urar ba ta taka ta. Ya yi nazari irin na masana, ya gano cewa daga nesa take zuƙo ƙurar. Har a ofis ya ba da labari. Kai ma yi haka. Kada ka kula da yadda man shafawar bayan matarka ke saurin ƙarewa.

5. Gyara kuskuren masu ƙera ta

A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan idanu da ke hana ta faɗawa rami. A hawa na uku Injiniya na da baƙar darduma, na'urar ta ɗauka rami ne, ta ƙi hawa. Sai ya liƙe idanun da salatif. Nan take ta yi biyayya.

6. Gayyato suruki ya shaida

Mahaifin matar ya zo duba 'yarsa cikin fararen kaya. Injiniya ya tsayar da shi a gindin matakala, ya ce, "Baba, yanzu haka tana can sama tana aiki," ya danna waya.

Ta zo kuwa. Ta biyo matakala tana ƙundumbala, ta fashe a gaban tsohon, ƙurar gidan duka ta tashi ta zauna a kan rigarsa. Tsohon ya dubi rigar tasa. Ya karkaɗe hannun riga, ya daɗe yana kallon matakalar.

"Wannan dai na ga yadda take saukowa. To matakalar, wa ke share ta?"

Injiniya ya fara bayanin zuƙowa daga nesa. Tsohon ya juya ga 'yarsa. "Miƙe tsaye in gani."

Ta yunƙura, ta kama hannun kujera, bayan ya ƙi miƙewa. Ta sunkuyar da kai. "Kaɗan-kaɗan nake yi, Baba, in ya fita. Na ga yana murna da abarsa ne."

Injiniya ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa. Tsohon ya ce ta ɗauko mayafinta, za ta huta a gida har ta warke. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Kai da abokiyar zamanka ku riƙe gidan."

7. Ci gajiyar aikinka

Yanzu Injiniya ke share hawa ukun da hannunsa, da yamma ya sayi lemo ya tafi gaisuwa. In ya durƙusa gaban Baba, da ƙyar yake tashi, hannu a ƙugu. Matar ta miƙo masa ragowar man shafawarta ta ce, "Shafa, yana yi." Ta ce za ta dawo, amma ba ta sa rana ba.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba ruwansa da fashewar na'ura, ko ciwon ƙugu, ko fushin suruki. In taka matar ta tafi, kada ka zo kana buga mini ƙofa. Ba zan ji ba, ina hawa na uku ina jiran tawa na'urar ta gama.