Yadda Za Ka Zama Farfesan Iska da Hayaƙin Unguwarku

Kai da ka gama lise, wato babbar sakandare, kana zaune kana tunanin abin da za ka zama, matso kusa. Ni ban yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba, da kaina na koyi karatu, amma na yi shekaru ina kallon yadda ɗan unguwarmu, Doktar Abdulmumini, ya zama babban masanin sinadaran da ke cikin iska, wanda ake gayyata ƙasashe ana tafa masa. Na haddace hanyar tsaf. In ka bi ta ba ka tsallake mataki ba, na yi maka alkawari sunanka zai kai inda kakanka bai taɓa jin labari ba, kuma ba za ka yi tari ko sau ɗaya ba.

Mataki na 1: Nemi hayaƙi mai kyau

Ba da kowane hayaƙi ake zama Farfesa ba. Na murhun gidanku ba ya kai mutum ko'ina. Nemi baƙi, mai kauri, wanda ke fita sosai a hoto.

Mu a Gaya ba sai an wahala ba. Bayan inda manyan motoci ke kwana, Gambo da sauran mahauta suna babbakar kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi, don itace ya yi tsada, taya kuwa direbobi ke yarwa. Kullum da hantsi hayaƙin zai miƙe, ya karkata, ya ratsa rumfar Nasiba mai shinkafa da wake, ya shige cikin gidaje. Nasiba ta daɗe tana tari. Likita ya ce ta nisanci hayaƙi, alhali da rumfar nan take ciyar da ƴaƴanta tun rasuwar mijinta. Ko wutar ta tashi, ko ita ta tashi.

Jahili irina zai ce wannan masifa ce. Kai ka ce wuri ne mai albarka ga bincike.

Mataki na 2: Kafa akwati

Zo da kat-kat, babbar motar nan ta proje ɗin bincikenka, da baƙi biyu masu gajeren wando. Kafa farin akwati a kan dogon ƙarfe, daidai saman rumfar wadda ta fi kowa tari. Akwatin zai riƙa shaƙar iska yana aika maka lissafi ta waya har biro ɗinka, ofishin nan mai sanyi a Yamai. Ka ga ke nan an raba aiki: akwati da Nasiba su shaƙa, kai ka rubuta.

Ranar da aka kafa namu, Nasiba ta ɗaga kai ta ce, "Yaya Mumini, wannan abin zai tsotse hayaƙin ne?"

Ya ce, "A'a, ƙanwata, aunawa zai yi."

"In ya auna sai me?"

"Sai mu sani."

Gambo daga bakin wutarsa ya yi dariya ya ce, "Doktar, da ka tambaye ni ai da na hutar da kai. Akwai hayaƙi. Ni ke yin sa."

Kada ka kula irin wannan magana. Ka yi murmushi, ka roƙi matar ta riƙa goge gilashin da ke ba akwatin wuta daga rana, kada toka ta rufe shi. Za ta yi, don tana zaton magani ke tafe.

Mataki na 3: Yanyanka ilminka ƙanana

Mai hankali ba ya zuba abin da ya sani a takarda guda. Dubi yadda mai tsire ke yi da cinya ɗaya. Hayaƙin safe takarda ce. Hayaƙin yamma wata takarda. Hayaƙin jajibirin Salla, lokacin da kawuna suka yi yawa, wannan takarda ce babba, har a kira ka taro a ƙasar waje.

Rubuta su duka da Ingilishi, a mujallar da ko mushe, wato malamin lise, ba ya iya buɗewa sai ya biya. Kalma ɗaya ta Hausa kada ta shiga. In mutanen unguwa suka gane abin da ka rubuta, za su tambaye ka abin da ya kamata a yi, daga nan kuma wahala ke farawa.

Ka sani, a wannan sana'a ba a auna mutum da ƙirjin da ya warke. Da yawan waɗanda suka ambaci sunansa a tasu takardar ake auna shi. Saboda haka nemi abokai. Ka ambace su, su ambace ka, ka ambaci kanka, ɗalibanka su ambace ku duka. Adashi ne, sai dai shi ba ya karyewa.

Mataki na 4: Ci gaba da tafiya

Masanin iska na gaskiya a cikin iskar yake kwana. Hau jirgi ka je ka yi wa duniya bayanin illar hayaƙi, ka hau wani ka dawo. A bango ka haska hoton Nasiba tana kare hanci da gefen mayafi. Ka ɗan yi shiru kafin ka wuce hoto na gaba. A nan ake tafi.

Mataki na 5: Kada ka bari a kashe wutar

Buɗe kunnenka, nan ne da yawa suke faɗuwa.

Wata rana matan unguwa za su gaji. Namu sun gaji, suka tafi wurin mai unguwa, Baba Hamani. Ya kira mahauta. Gambo ya ce, "Baba, ni ma tarin nake. A ba mu wani fili kusa da ruwa, gobe mu kwashe." Baba Hamani ya ce filin ba a hannunsa yake ba, kuma in ya je gaba da maganar mata kawai za a ce ƙorafi ne. Amma in masani ya tsaya ya ce hayaƙin nan yana cutarwa, yana da abin riƙewa. Aka yi sa'a Doktar yana gari. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo masa kujera.

Baba Hamani ya ce, "Ɗana, magana ɗaya muke so. Hayaƙin nan yana cutar da mutane, ko ba ya cutarwa?"

Kalli gwani. Doktar ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Baba, alamu suna nuna wani abu. Amma proje ɗin bai ƙare ba. In aka tashi wutar yanzu, lissafin ya yanke a tsakiya, duk aikin shekarun baya ya lalace. A ɗan ƙara haƙuri. Ana buƙatar ƙarin bincike."

Nasiba ta ce, "Yaya Mumini, wato mu zauna mu ci gaba da shaƙa don kada akwatinka ya ji yunwa?"

Ya ce, "Ba haka ake faɗa ba a ilmance."

"To yaya ake faɗa?"

Tari ya sarƙe ta kafin ya amsa, shi kuwa ya duba agogo. Koyi wannan. Haddace kalmomin nan huɗu, ana buƙatar ƙarin bincike. Ba ƙarya ba ne, shi ya sa suke da daɗi. Da su ake sabunta proje, da su ake rufe taro, kuma ba wanda ya taɓa kai su ƙara.

Mataki na 6: Kada ka manta da mutanenka

Mutum mai asali ba ya butulci. Bayan taron nan da ƴan watanni Nasiba ta sayar da tukwanenta, ta kwashi ƴaƴanta ta koma wurin ɗan'uwanta a garin Bana. A wannan shekarar Doktar ya zama Farfesa. A ƙarshen babbar takardarsa, da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta cewa yana godiya ga al'ummar Gaya saboda haɗin kai. Wani mushe ne ya fassara mini. Kai ma ka yi haka. Layi ɗaya ya isa, kada ka sa suna, kada su ɗauki kansu da girma.

Mataki na 7: Gina gida a garinku

Babban mutum ba ya tsufa a haya. Sayi fili a bayan gari, nesa da tasha, inda iskar kogi ke kaɗawa. Farfesa haka ya yi. Ya gina bene, ya shafa farin fenti, ya dasa mangwaro.

Sai dai a nan an ɗan samu tangarɗa. Wani mai manyan motoci, Alhaji Yazidu, ya ga filin mahauta ya dace da ajiye motocinsa. Abin da tarin unguwa guda bai yi ba cikin shekaru, Alhaji ya yi shi kafin Juma'a ta zagayo, ba akwati, ba takarda. Aka ba su Gambo sabon wuri a bayan gari kusa da ruwa, kamar yadda suka roƙa tun farko. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da mangwaron Farfesa.

Washegarin tarewarsa aka gan shi ƙofar Baba Hamani, ba kat-kat, ba tabarau, yana Hausa tsantsa. "Baba, guba ce! Wallahi guba ce! Jikokina suna gidan!"

Baba Hamani ya ce, "Ikon Allah. Ɗana, ashe binciken ya ƙare?"

Farfesa ya ce a tara mata su je gaba tare da shi, a aika Bana a kira Nasiba, don ita ce shaida mafi ƙarfi. Aka aika. Ɗan saƙon ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida, tarin ya ragu amma bai tafi ba. Ta saurara har ya gama, ba ta ajiye rariya ba. Ta ce, "Ka gaishe mini da Yaya Mumini. Ka ce masa alamu suna nuna wani abu, amma ya ɗan ƙara haƙuri. Ana buƙatar ƙarin bincike."

Gambo kuma, don zumunci, ya tone akwatin daga tsohon wuri ya kafa shi jikin katangar benen, kada lissafi ya yanke.

Gargaɗi

Na yi maka alkawarin suna, kuma za ka same shi. Maganar cewa ba za ka yi tari ba, na janye. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari farin fentinsa ya koma baƙi, ko ya nemi mai tsaya masa a unguwa ya rasa, kada ya zo ƙofata. Ban aike shi ba, ban riƙe masa alƙalami ba, kuma ba ni ke juya iska ba. Ya rufe tagoginsa, ya fito da safe ya goge gilashin akwatin da hannunsa, don mai goge masa ta koma Bana.