Kek ɗin Gauta na Seu Epaminondas

Duk faɗin unguwar Casa Amarela, kai har ma birnin Recife gaba ɗayansa, ba a taɓa yin mutumin da ya san cikin yara kamar Seu Epaminondas ba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa da bakinsa, kuma ya faɗa sau da yawa. Shekaru ya kwashe a wani ofishin ƙaramar hukuma yana buga hatimi a kan takardu, har hannunsa na dama ya fi na hagu kauri. Da ya yi ritaya sai ya zauna ya ƙare wa duniya kallo, ya gano ashe babu wanda ya iya ciyar da yaro. Iyayenmu mata cikin duhu suka yi ta raino, mu kuma bisa kuskure muka girma.

Bai taɓa aure ba, bai taɓa wanke kwanon yaro ba. Sau ɗaya tak ya taɓa riƙe jariri, ranar da aka yi wa Cauã baftisma, don shi ne uban baftismar, kuma ya riƙe shi ne kamar mai ɗauke da kankanar da yake zargin ta ruɓe. Amma irin waɗannan ƙananan abubuwa ba sa hana babban mutum aiki.

Cauã ɗan maƙwabciyata Jucilene ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Jikin yaron ba ya shiri da madarar shanu da ƙwai. Ko lasa ya yi sai fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Nama kuwa shi da kansa ya ƙi, ana sa masa yake tofarwa. Jucilene ba ta tsaya kuka ba. Da safe ta turara masa dambun masara ta kwarara madarar kwakwa a kai, da hantsi ta murƙushe masa ayaba, da rana romon wake da kabewa, in yamma ta yi kuma dafaffen rogo mai laushi ko mangwaro. Yaro ya yi ɓul-ɓul, kumatu kamar za su faɗo.

Abu ɗaya ne yake ci mata rai, kek. A layinmu ba a rasa bikin ranar haihuwa, kuma duk lokacin da aka zo yanka kek sai ta saɓa ɗanta ta fita da shi ƙofar gida, wai su kalli motoci. Na sha ganinta tana jijjiga shi yana miƙa hannu ciki yana kuka, ita ma idonta ya ciko. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai. Ta rantse ranar da zai cika shekara biyu sai ya ci kek, kuma da hannu biyu. Ta shiga gwaji da ayaba da kwakwa da gari, ba madara ba ƙwai. Ni ce mai ɗanɗana mata, kuma ban taɓa kai ƙara ba.

Ana cikin haka Seu Epaminondas ya hau mota ya tafi São Paulo wani kwas na 'yan kwanaki. Ya dawo da farar riga har gwiwa da tabarau a ƙarshen hanci. Masu hassada sun ce a shagon da mahauta ke sayen rigunansu ya samo ta, don an ga irinta sak a jikin mai sayar da hanta a kasuwa. Ni dai ban ce ba. Muka raɗa masa suna Likitan Cokali. Da labarin ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya ce ai dama al'umma takan gane nata.

Washegarin dawowarsa ya dira a kicin ɗin Jucilene yana buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Comadre, wannan abincin ba shi da alƙibla," in ji shi, don a nan uban baftisma comadre yake kiran uwar yaro, iyayen yaron kuma su kira shi compadre. "Ayaba! Ko biri ma yana cin ayaba. Yaron wannan zamani sai an ba shi abin da zai buɗe masa ƙwaƙwalwa. Ɗaci shi ne malamin harshe na farko. Yauƙi kuma shi ke koya wa hanji haƙuri."

"Haba compadre, ai yaron yana ci. Dubi kumatunsa."

"Kumatu ba hujja ba ne a kimiyya."

Daga nan ya zaro abin da ya ƙirƙiro daga aljihun farar rigar. Wasu ƙwallaye ne kore shar, an kirɓa gauta mai ɗaci da kuɓewa da alayyafo, an barbaɗa wasu 'ya'yan itace na ƙasar waje masu kama da ƙwan kwaɗo. Ya ɗora Cauã a kan kujera, ya ɗebo a cokali, ya riƙa yawo da shi a iska yana gurnani.

"Ga jirgi nan! Buɗe baki. Haɗiye. Saura ɗaya."

Yaro ya nuna ayabar da ke kan tebur da ɗan yatsansa, hawaye na gangarowa.

"A'a," in ji Likita. "Cinye naka tukuna."

Cauã ya ajiye abin a kumatu har Likita ya juya, sannan ya sake shi ƙasa gaban Senador, karen gidan. Senador kare ne da na taɓa gani yana cin soson wanka. Ya sansana, ya miƙe a hankali, ya fita ya kwanta ƙarƙashin motar maƙwabta.

Rannan na kasa haƙuri na tambaye shi ta kan katanga, "Wai Seu Epaminondas, kai ka taɓa ɗanɗana abin nan kuwa?"

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wanda ya kawo takarda ba hatimi.

"Dona Zefinha, harshen babba ya riga ya lalace da gishiri da kofi. In na ɗanɗana na gurɓata binciken. Masani da kai yake ɗanɗano."

Duk Asabar sai ya kafa tebur a dandali yana raba ƙwallayen kyauta, yana ɗaukar kansa a waya domin amfanin mabiyansa, waɗanda ba za su cika motar haya ɗaya ba. Ba a jima ba yaran layin suka fara tsala ihu da sun hango farin abu, har wani ya ɓuya don ya ga firji. Iyaye mata kuwa suka samu sauƙin da ba su taɓa samu ba. Yaro ya ƙi wake, sai uwar ta leƙa taga ta ce, "To bari in kira Seu Epaminondas." Nan take ake lashe kwano. Yaran layinmu suka yi ƙiba, suka yi sheƙi. Likita ya lura da haka, ya sanar a waya cewa tun da ya fara aiki babu yaron da ya sake barin abinci a Casa Amarela. Gaskiya ya faɗa, ba mai musa masa.

Da ranar haihuwar Cauã ta matso sai ya aiko da albishir cewa shi zai kawo kek, kyautar uban baftisma. Jucilene ta shigo gidana, ta zauna a bakin gado.

"Dona Zefinha, yaya zan yi? In na ce a'a, maigidana Josenildo zai ce na ci mutuncin mutumin da ya tsaya wa ɗanmu a gaban Allah. In na yi shiru kuma yaron nan zai ɗauka haka kek yake. Shi ke nan ya tsane shi har abada."

"Share hawayenki, 'yar nan," na ce mata. "Zo ki gasa naki a nan, mu rufe shi a ɗakina. Sauran kuma mu zuba ido."

Gaskiya ni ma ban san yadda za a yi a fito da shi ba tare da an yi rigima ba.

Shi kuwa Likita abin da ke gabansa daban ne. Kowa ya san in aka yanka kek, yankan farko na wanda mai biki ya fi ƙauna ne, kuma wanda aka miƙa wa sai ya cinye shi a gaban jama'a. A layin nan an ɓata zumunci a kan yankan farko, akwai surukan da har yau ba sa gaisawa. Seu Epaminondas bai yi shakkar inda yankan zai nufa ba. Mai askinsa ya ba mu labarin cewa ya ga yana gwada fuskar mamaki a madubi, ya dafe ƙirji, ya ɗaga gira, yana cewa a hankali, "Ni? Haba dai!" Sashen cinyewar ne kawai bai tsaya ya yi tunani a kai ba.

Ranar Lahadi da la'asar aka jera kujerun roba a tsakar gida, aka rataya balan-balan, ga gugguru, ga ruwan mangwaro. Sai ga Likita ya shigo da tire a sama, rigar nan ta sha guga. Kek ne hawa uku, kore, yana rawa shi kaɗai ko ba a taɓa shi ba. Yara suka koma bayan iyayensu mata. Ya miƙa wa Josenildo, uban yaron, waya ya ce ya ɗauka kai tsaye duniya ta gani, sannan ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau tarihi ya shigo gidan nan. Abin da kuke gani ba kek ba ne kawai, makaranta ce. Hawan ƙasa gauta ne, domin tarbiyya. Na tsakiya kuɓewa, domin juriya. Na sama kuma na haɗa su biyun, domin haɗin kan ƙasa. Ban sa sukari ba, ban sa gishiri ba, ban sa wani abin da zai ɗauke hankalin yaro daga darasi ba."

Aka kunna kyandir, aka yi waƙa ana tafi, Cauã ya hura da taimakon uwarsa. Jucilene ta sa wuƙa. Da ta ɗago yankan sai yauƙi ya biyo shi zare-zare tun daga tire har faranti, sai da ta naɗe shi da cokali. Ta durƙusa ta miƙa wa ɗanta, ta kau da kai don kada ta gani.

"Na wa ne? Na wa ne?" jama'a suka ɗauka, kamar yadda aka saba.

Cauã ya kai hanci ya sansana. Na ga fuskarsa ta canza, ya gane tsohon abokin gaba. Ya ɗago ya duba uwarsa, ya duba ubansa, ya duba kakarsa da ta riga ta buɗe hannu. Sai ya kama hanya taga-taga da faranti a hannu biyu, ya wuce su duka, ya tsaya a gaban farar riga.

"Dindo," ya ce, haka yara ke kiran uban baftisma.

Seu Epaminondas ya dafe ƙirji, ya ɗaga gira. "Ni? Haba dai!" Wuri ya ɗauki tafi. Ya juya ga waya ya bayyana cewa ƙuruciya da kanta ta yi wa kimiyya mubaya'a. Sannan ya nemi ya ajiye farantin a gefe, wai zai adana shi domin tarihi.

"A'a compadre, ai ba a haka," in ji Josenildo ta bayan waya. "Yankan farko ne fa. Duniya na kallo."

"A ci! A ci! A ci!" Ni na fara, ba zan ɓoye ba.

Cauã ya riga ya ɗauki cokali. Ya ɗebo tam, ya yi yawo da shi a iska yana gurnani.

"Jigi! Buɗe baki."

Likita ya durƙusa ya buɗe. Abin ya shiga. Na ga idonsa ya fito, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya karyo masa har kan tabarau. Ya tauna, abin ya ƙi taunuwa. Ya nemi haɗiyewa, rabi ya tafi, rabi ya tsaya yana jiran labari, yauƙi ya haɗa su kamar igiyar shanya.

"Haɗiye," in ji Cauã.

Ya haɗiye. Ya juya ga waya da murmushi kore. "Akwai... akwai zurfi."

"Saura ɗaya."

A cokali na uku hawaye suka fara zuba, ya ce na farin ciki ne. Ganin hankalin kowa yana can sai Jucilene ta ƙifta mini ido. Na zagaya gidana na ɗauko kek ɗin ayaba da kwakwa, ƙamshinsa ya riga ni shiga. Babu wanda ya yi ƙorafi, har Josenildo, wanda dariya ta hana shi riƙe wayar daidai. Aka sake kunna kyandir, aka sake waƙa, wannan karon yara suka fito daga maɓoya.

Cauã ya ɗan lasa da tsoro. Ya tsaya. Ya dubi uwarsa kamar yana tambaya ko da gaske nasa ne. Sai ya tsunduma hannu biyu, ya cika baki, ya shafe kumatu har kunne. Jucilene tana dariya tana kuka, ni ma sai da na share ido da gefen riga.

Can sai muka ji wata ƙaramar murya daga kujerar kusurwa. Seu Epaminondas ne, ya kwance maɓallin wuya, faranti a cinya da sauran fiye da rabi a ciki.

"Comadre, ko za a ɗan sammini wancan kaɗan? Don bincike kawai. In kwatanta."

Jucilene mai kirki ce, har ta kai hannu ga wuƙa. Cauã ya riga ta. Ya sauko daga kujera, ya taka har gaban ubansa na baftisma, ya leƙa farantin, ya ɗaga ɗan yatsa mai maiƙon kwakwa.

"A'a, Dindo," ya ce. "Cinye naka tukuna."