Kwat Ɗin Da Asu Ya Raina

A duk majami'armu ta Abeokuta ba a taɓa yin masanin tufafi kamar Mista Fadahunsi ba. Tsohon akawun jirgin ƙasa ne. Ya taɓa zuwa kwas Ingila, kuma har yau bai gama dawowa ba, shi ya sa muke ce masa Baba Landan. Duk martabarsa tana jikin wani baƙin kwat da ya ce ulu ne zalla, na tumakin da rana ba ta taɓa duka ba. In ka miƙa hannu za ka taɓa, sai ya ja da baya ya tambaye ka ko da hannun ka ci amala.

A zamaninmu na makarantar mishan, kowace Asabar sai mun shanya barguna, mun kakkaɓe su, mun sa kafur. Yanzu an daina. Dattawa sukan rataye kwat-kwat ɗinsu a kabad guda a ɗakin bayan majami'a, babu mai waiwayarsu sai bikin godiyar girbi.

Bana da muka buɗe kabad ɗin, sai wasu ƙananan ƙwari masu fiffike, ruwan ƙasa, suka watse suna gudun haske. Wuyan riguna duk saƙa kamar yanar gizo, aljihuna cike da gari kamar yashi. Asu ne.

Baba Landan ya gyara murya, ya ɗaga sanda. Ya koya mana cewa mai fiffiken ba ya cin komai, tsutsarsa ce ɓarauniya, kuma gaskiya ya faɗa. Da ya tsaya nan da ya tsira.

"'Yan'uwa, asu ƙwaro ne mai aji," in ji shi. "Ulu yake ci, da siliki. Yadin roba da na leda ko kallo ba su ishe shi ba. Ku masu kayan gwanjo ku kwantar da hankalinku. Ni ne abin tausayi."

Aka fara fito da kaya. Kwat ɗin Mista Sowande ya zama rariya. Na Dattijo Akinlade ya rasa kafaɗa. Har tsohuwar hular mai kaɗa ƙararrawa an yi walima da ita. Sai aka zaro kwat ɗin Baba Landan daga tsakiyarsu, sumul, yana sheƙi. Ya juya shi gaba da baya, ya leƙa hammata, ya kai shi bakin taga. Ko huda ɗaya babu. Ya ce wataƙila ƙwarin sun ji nauyinsa ne. Muka ce wataƙila.

Ranar bikin muka fito da faci-faci, kowa yana nuna nasa kamar lambar yabo. Can sai ga Baba Landan yana takun ƙasaita, kwat ɗinsa ya sha huda daga wuya har gindi, a jere, duk girmansu ɗaya. Ya sanar cewa asun ya bi shi har gida.

Iya Morenike, shugabar mata, ta gyara tabarau ta matso. Ta shafa bakin wata huda, ta same shi baƙi, da tauri, a narke. Ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta durƙusa da ladabi, kamar yadda ake gaida manya.

"Sannu da asara, Baba," ta ce. "Amma wannan asun naku, taba yake sha?"